Tarihin Rayuwata a Bencin Gyara, Kashi na 9: Motar Rimot ta Farko

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan tarihi mako-mako. A makon jiya mun tsaya a kan bambancin motar rimot ta wasan yara da wadda ake kwancewa a gyara. Yau zan ajiye labarin kaina gefe guda, domin tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga bakin iyaye da samari: wace mota ɗan koyo zai fara saya idan kuɗinsa kaɗan ne, kuma a turɓaya da tsakuwa zai tuƙa ta, ba a kan tayil ɗin falo ba?

Kafin ka tambayi gudunta, tambayi abin da zai faru ranar da ta karye. Za ta karye kuwa, ko wace iri ce, domin ɗan koyo sai ya kai wa bango ko gindin bishiya karo a satin farko. Hannun tayar gaba ne ke fara tafiya. Idan motar tana da lambar samfuri, kuma ka rubuta lambar a intanet ka ga hannun taya, giya, shokozoba da sandar aksil ana sayar da su ɗai-ɗai, to gyaran minti goma ne. Idan ba ta da lamba, sai hoton wuta da walƙiya a jikin kwali, ranar da ta karye ranar ta mutu. Wannan gwajin kaɗai ya isa ya zubar da mafi yawan motocin da ke rataye a shagunan kayan wasa.

Gwaji na biyu a rimot yake. Ka murza sitiyarin kaɗan ka duba tayoyin gaba. Idan sun juya kaɗan daidai da hannunka, ka ƙara suka ƙara, wannan mota ce ta gaske. Idan kuwa da ka taɓa sai su ƙure hagu ko dama gaba ɗaya da ƙara "ƙas", ajiye ta. Haka totur: ya kamata ka iya sa ta tafiya kamar hawainiya, sannan ka ƙara a hankali. Rimot ɗin ya zama mai 2.4GHz. Tsofaffin masu 27MHz da doguwar eriya suna shiga wa juna, yara biyu ba za su yi wasa a fili ɗaya ba sai rimot ɗin wannan ya ja motar wancan.

Sai girma. Lambar 1/10 na nufin kashi ɗaya cikin goma na girman mota ta gaske, saboda haka 1/10 ta fi 1/16 girma, kada lambar ta ruɗe ka. Mai 1/10 takan kai rabin mita a tsayi, tana taka tsakuwa da ciyawa ba ta damu ba, amma komai nata da tsada, daga batir har taya. Masu 1/18 da 1/24 na tsakar gida ne, dutse kamar ƙwan kaza ya isa ya tsayar da su. Wanda kuɗinsa kaɗan ne ya tsaya tsakanin 1/16 da 1/12. A cikinsu ma ya zaɓi mai manyan tayoyi da cikinta ya ɗaga daga ƙasa, mai jan ƙafa huɗu. Mai jan baya kaɗai tana koya wa mutum tuƙi sosai, gyaranta ma ya fi sauƙi, sai dai a rairayi tana tona rami ta zauna, ko ta riƙa juyawa da ɗuwawu duk lokacin da aka ba ta wuta.

Ga waɗanda suka yi suna a wannan aji. WLtoys 144001 mota ce mai girman 1/14 daga Shantou ta ƙasar Sin, gindinta na alminiyam, tana da boris a ƙafafu, shokozoba mai mai, da moto mai lamba 550, wanda aka saba gani a motocin 1/10. Kamfanin ya rubuta kilomita 60 a awa. Kayan gyaranta sun cika intanet, wannan ne babban alherinta. Amma cikinta a ƙasa yake, ta fi son filin ƙwallo mai tauri, kuma ƙarfinta ya fi hannun yaro ɗan shekara takwas. HBX 16889 mai girman 1/16 ba ta kai ta gudu ba, robarta kuma tana lanƙwasawa ta dawo maimakon ta tsage. A ra'ayina ita ta fi dacewa da ƙaramin yaro. MJX Hyper Go 16208 ita ma 1/16 ce, da moto marar burushi, ta saurayi ce mai ɗan nutsuwa. Wanda aljihunsa ya kai sama da dala 200 ya duba Traxxas Slash ta Amurka, wadda ta fito a 2008 kuma har yau ana ƙera ta, babu wani yanki nata da ba a samu. Motocin Tamiya na Japan, irin Grasshopper da ta fito tun 1984, a wargaje suke zuwa, kai za ka haɗa. Makaranta ce mai kyau ga mai son koyon kanikanci, amma yawanci rimot, sarbo (ɗan injin da ke juya sitiyari), batir da caja duk daban za ka saya, kuɗin sai ya haura yadda ba ka zata ba.

Maganar moto tana buƙatar bayani. Mai burushi yana da gawayi biyu a ciki masu gogar aksil, kamar na kik ɗin mota ko na giranda. Wayoyi biyu gare shi, yana da araha, gawayin yana cinyewa, in ya mutu a sa wani da kuɗi kaɗan. Marar burushi wayoyi uku ne, ya fi gudu, ya fi daɗewa, bai cika zafi ba. Mutane na jin haka sai su ce a ba su marar burushi. Ni dai ina ba ɗan koyo shawarar mai burushi, domin gudun da ya wuce ƙwarewar hannu kayan gyara yake ci. Karo a kilomita 25 a awa ƙila ka tsira da ƙujewar fenti, karo a 50 sai hannun taya da sandar shokozoba sun tafi tare. In har marar burushi ka saya, nemi wadda ake rage mata wuta. Rimot ɗin Hyper Go yana da makunni na kashi 70 da kashi 100, na'urar totur ta Traxxas kuma tana da tsarin koyo mai raba ƙarfin biyu. A bar ta a ƙaramin har batir goma ya ƙare.

Akwai abu ɗaya da masu sayarwa ba sa faɗa. A motoci masu araha da yawa, na'urar karɓar saƙon rimot da ta totur, wadda ake kira ESC, allo ɗaya ne. Sarbo kuma, wato ɗan injin da ke juya sitiyari, wani yana zuwa da wayoyi biyar maimakon uku. Mai wayoyi uku shi ne na kowa da kowa, ko na wane kamfani ka samu zai shiga in girmansu ɗaya. Mai biyar sai nasu, domin ƙwaƙwalwarsa tana kan wancan allon. Ranar da ka so canza ɗaya, sai ka canza allo, sarbo da rimot gaba ɗaya. Ka ƙirga wayoyin a hoto kafin ka biya.

Yanzu batir, kuma a nan nake roƙon iyaye su karanta a tsanake, domin nan ne kaɗai wasan zai iya zama gobara. Tsohon nau'i shi ne NiMH mai bolt 7.2, yana da nauyi, ba shi da kuzari sosai, amma yana da haƙuri. Yawancin motocin yau LiPo suke amfani da shi, ko batir masu kama da na tocila da ake kira 18650. Wanda aka rubuta wa 2S ɗakuna biyu ne, bolt 7.4. Kowane ɗaki in ya cika 4.2 ne, duka biyun 8.4 ke nan. Kada ɗaki ya sauka ƙasa da 3.0, gara ma a tsaya a wajen 3.4. Da zarar ka ji motar ta fara sanyi, tsaya. Yaro kan so ya matse ɗigon ƙarshe, ta tsaya ya jira ta sake motsi ya ƙara ba ta wuta, kuma wannan ne ke kashe batir a wata ɗaya. Batir mai 1500mAh (lambar yawan cajin da yake ɗauka ke nan) wasan minti takwas zuwa goma ne a mota mai gudu, shi ya sa na biyu ya zama dole. Duba bakin filoginsa kafin ka saya, T ne, XT60 ne, ko wani, domin ba sa shiga juna.

Cajar USB da ke zuwa a kwali tana ɗaukar awa uku ko fiye. Caja mai daidaita ɗakuna, irin iMAX B6, ita ce sayayya mafi amfani bayan motar kanta. Ana soka mata babban filogi da kuma ɗan farin nan mai wayoyi uku, tana lura da kowane ɗaki daban. Ƙa'idar ita ce batir mai 1500mAh a ba shi am 1.5, mai 2200mAh a ba shi 2.2, cikin awa ɗaya da 'yan mintuna ya cika. Tana kuma aiki da bolt 12 na batirin mota ko na sola, ga wanda wutar unguwarsu ba ta da tabbas. A yi caji a kan siminti, ko a cikin tukunyar ƙasa, da bokitin yashi a kusa, nesa da katifa da labule. Ba a barci a bar shi, ba a bar wa yaro shi kaɗai. In za a yi mako ba a yi wasa ba, a ajiye kowane ɗaki a 3.8, cajar tana da wannan tsarin. Batirin da aka ajiye a cike cikin zafin watan Afrilu, ko aka manta a cikin mota a rana, zai kumbura kamar fanke. Wanda ya kumbura ya gama aiki. Kada a huda shi, kada a danne shi, kada a sake caja shi.

Ƙura ita ce abokiyar gāba ta biyu, musamman lokacin hunturu. Ka ɗaga murfin mota mai burushi bayan wasa a rairayi, ka leƙa ramukan jikin moton. Za ka ga baƙin gari ya tsaya cirko-cirko kamar gashi. Garin ƙarfe ne da maganaɗisun moton ya tsinto daga cikin yashi, shi ke cin gawayi da boris. Burushin fenti busasshe da famfon iska na keke sun isa bayan kowane wasa. Ba a wanke ta da ruwa ko da an rubuta ba ta jin ruwa, domin allon ne aka rufe, boris da kusoshi suna tsatsa. Giris kuma sai a cikin akwatin giyar da ke rufe. Giyar da ke waje in ka shafa mata giris, yashi ya manne ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, haƙoran su cinye cikin kwana biyu. A gefen ciki na rim akwai 'yan ramukan iska, yashi na shiga ta nan ya taru a taya har ta riƙa rawa. Ɗan salatif ya toshe su.

Ranar da kwalin ya iso, kada a fita da ita tukuna. A bi kusoshi ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka shiga roba a ɗaure su daidai ba tare da ƙurewa ba, waɗanda suka shiga ƙarfe a ɗiga musu shuɗin gam ɗin kusa, domin girgiza na kwance su. A ja gefen taya a gani ko ta manne da rim, in da inda ya ɗaga a ɗiga sufa gulu. Sai ƙaramar giyar bakin moto da babbar da take juyawa. In sun matse, moto ya yi zafi. In sun yi sako-sako, haƙoran babbar su zube. A motocin da moton ke matsawa, ana sassauta kusoshinsa, a sa siririyar takardar littafi tsakanin giyoyin biyu, a matsa, a ɗaure, a murza takardar ta fita. Ratar da ta bari ita ce daidai. Rimot ake fara kunnawa sannan mota, wajen kashewa kuma mota ce farko. A ɗora ta kan bulo tayoyi na lilo, a gwada gaba, baya da burki, sannan a sauke ta a murza ɗan maɓallin saitin sitiyari har ta miƙe da kanta.

Bayan kowane batir a taɓa moton. In yatsa bai iya daƙiƙa uku a kai ba, ya yi zafi da yawa, a ba shi minti goma sha biyar a inuwa. Doguwar ciyawa da rairayi mai zurfi su suka fi dafa shi, sai zare da gashi da ke naɗewa a bayan taya. A watannin bazara da zafi ke haura digiri 40, wasan safe ne ko bayan la'asar.

Wajen kasafi, kada kuɗin ya ƙare a kan motar. Kashi biyu cikin uku nata, ɗaya na sauran: batir na biyu, caja, hannayen tayar gaba, babbar giya ɗaya, 'yan filolin riƙe murfi da ke ɓacewa kullum, da makullan alanki masu lamba 1.5, 2.0 da 2.5. A haɗa su cikin oda ɗaya, domin kaya daga Sin na iya yin makonni a hanya, batir kuma ba kowane mai jigila ke yarda ya ɗauko shi ta jirgin sama ba, a tambaya tun kafin a biya. Hannun taya kuwa na roba za a saya, kada a bi kyallin na alminiyam. Na roba an yi shi ne ya karye ya ceci abin da ke bayansa. Na ƙarfe ba ya karyewa, sai ya miƙa dukan ga akwatin giya, wanda ya ninka shi tsada.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu kwance shokozoba, mu ga yadda ake zuba masa man silikon da fitar da kumfar iska daga ciki.