Abin da nake fara koya wa ɗaliban jinya kafin na sake su a wad

Ɗalibin jinya yakan shafe watanni shida na farko, waɗanda muke kira PTS, yana gyaran gado da awon jini a kan mutum-mutumin roba. Robar nan ba ta lanƙwasa hannu, ba ta da dangi, kuma ba a ɗauke wuta ana tsakar aiki a kanta. Shi ya sa duk rukunin da aka turo mini wad, makon farko ba na barin kowa ya taɓa sirinji. Ƙirga nake sa su yi.

Da ɗigon ƙarin ruwa muke farawa. Igiyar ruwa ta manya ɗigo 20 ne ke ba da mililita ɗaya, ta ƙananan yara 60, kuma a rubuce yake a jikin ledar igiyar, sai dai ba kowa ke dubawa ba. Idan likita ya rubuta leda mai mililita 500 ta shiga cikin awa huɗu, sai a ninka 500 sau 20, a raba da minti 240, ya ba da ɗigo 42 a minti. Lissafin ba ya ba su wuya. Abin da ke kayar da su shi ne zaton cewa da an saita an gama. Majinyaci ya naɗe hannu ya yi barci, ruwa ya tsaya. Ko mai jinya, wato ɗan'uwan da ke zaune da shi, ya ga ledar ta ƙi ƙarewa, ya murɗa makunnin igiyar don a sallame su da wuri, ruwan awa huɗu ya shige cikin minti arba'in. Ga jariri ko mai ciwon zuciya, wannan ya isa ya tara ruwa a huhu. Don haka nakan sa su liƙa filasta a jikin ledar, su rubuta lokacin da aka ɗaura da inda ya kamata ruwan ya kai kowace awa, su kuma gaya wa mai jinya dalilin hana shi taɓawa. Tsawa kawai ba ta hana shi. In ya ji cewa saurin ruwan na iya shaƙe yaronsa, shi da kansa zai zama mai gadin ledar.

Sai numfashi, inda na fi tsanantawa. Ɗauki katin awo a wad mai cunkoso, sau da yawa za ka ga 20, 20, 20 tun daga sama har ƙasa, alamar ba wanda ya ƙirga. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kuma sau da yawa wannan adadin ke fara canzawa kafin awon jini ya faɗi. Nakan sa ɗalibi ya riƙe wuyan hannun majinyaci kamar bugun jijiya yake ji, idonsa na kan ƙirji, minti ɗaya cur, domin mutum in ya san ana kallon numfashinsa sai ya canza shi. A ɗakin haihuwa lamarin rai ne kai tsaye. Mace mai jijjiga da ke kan allurar magnesium sulphate ba a ba ta ta gaba sai an duba abu uku: numfashi bai gaza 16 ba, gwiwa tana zabura in an ƙwanƙwasa, fitsari ya kai mililita 30 a awa. Calcium gluconate kuma, makarin wannan allurar in ta yi yawa a jiki, ya kasance kusa da gado. Ƙaryar 20 a katin irin wannan matar tana iya zama ajalinta. Gara a bar gurbin fili a ce ba a samu dama ba, a sha faɗan sista.

Wani abin da littafi bai tanadar musu ba shi ne "da sauƙi". Ka tambayi Bahaushe yaya jiki, ko yana kan gargara zai ce da sauƙi, alhamdulillahi. Ɗalibi kuma sai ya rubuta cewa majinyaci ba shi da koke. Nakan ce su gaisa yadda aka saba, sannan su shiga tambaya ɗaya-ɗaya: Baba, yau sau nawa ka yi fitsari? Kunun da aka kawo, ka shanye ko ka rage? Nuna mini wurin da yatsa. Matar da surukarta ke zaune a bakin gado ba za ta ce tana zubar da jini ba, sai an nemi Hajiya ta ɗan ba da wuri, an ja labule. A leƙa ƙarƙashin gado kuma, don a nan gorar jiƙo take ɓuya, da kofin kokon da aka ba wanda za a shiga da shi tiyata da safe saboda tausayi.

Kariyar kai ba ta da tsawon bayani. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B guda uku ce, a fara ta kafin a fara zuwa wad. Ba a mayar wa allura murfinta bayan an yi amfani da ita, kai tsaye sai cikin kwalin zuba allurai, shi ma ba a bari ya wuce kashi uku cikin huɗu. In ta soke ka, ka wanke da ruwa da sabulu, kada ka matse, ka sanar nan take, domin maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28. Ɗalibai sukan ɓoye don tsoron a ce sun yi sakaci, sai su zo da maganar bayan mako guda, lokacin ya riga ya wuce.

Kafin su fara dutin dare nakan duba aljihun kowa: agogo mai hannun daƙiƙa, biro ja da shuɗi, almakashi, da tocila. Fitilar waya ba ta wadatar ba, don hannu biyu ake buƙata wajen neman jijiyar yaro cikin duhu. Karɓar aiki kuma a bakin kowane gado ake yi, kati a hannu, a ɗaga mayafi a ga wurin kanula, wato robar ƙarin ruwa da ke cikin jijiya, ko ya kumbura, a juya wanda ba ya iya juyawa a duba bayansa. Wanda ya karɓi wad daga kan tebur, duk gyambon kwanciyar da aka gani da safe a kansa za a rubuta.