Kiwon ƙumbar teku a garin da babu teku

Tun da na ajiye aikin kula da tankin ruwan gishirin nan na wani otal a Kaduna, abokan sana'a ke tambayata abin da ya faru. Wasu ma sun riga sun ji daga bakin da ba nawa ba, wai ni na kashe wa Alhaji, mai otal ɗin, dabbar da ya sayo da daloli. Duk wanda ya taɓa shiga falon karɓar baƙi ya san tankin, ba sai na kwatanta ba. Abin da mutane ba su sani ba shi ne halin ƙumbar da ke cikinsa, wato dabbar teku mai ɓawo biyu da ke buɗewa da rufewa, kuma duk rigimar a nan take.

Uku muke da su, duk dangin Tridacna: derasa biyu a ƙasa kan rairayi, sai maxima ɗaya shuɗiya a saman dutse, dab da fitila. Asalin waɗannan halittu Tekun Indiya ne da Pasifik, maxima har Bahar Maliya ana samunta. Namu a gonar kiwo aka haife su, da takardunsu suka shigo, don cinikinsu tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar da ke kula da cinikin halittun da ake gudun ƙarewarsu. Da farko Alhaji gigas ya so, babbar yayarsu da ke wuce mita ɗaya, nauyinta ya haura kilo 200. Da ƙyar na shawo kansa cewa tankinmu ba zai ɗauke ta ba ko da ta yi rabin girmanta.

Ƙumbar nan da haske take rayuwa. A cikin naman nan mai launi da take shimfiɗawa a bakin ɓawonta akwai wasu ƙananan tsirrai dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani. Su suke haɗa abinci daga haske, ita kuma ta ci daga abin da suka haɗa. Shi ya sa wurin zamanta ba ado ba ne. Derasa tana haƙuri da matsakaicin haske, ta zauna kan rairayi da nauyin jikinta. Maxima kuwa, ita da 'yar'uwarta crocea, sai haske mai ƙarfi, sai kuma dutse. Akwai wata kafa a ƙasan ɓawonta, ta nan take fito da wasu zaruruwa masu tauri ta ɗaure kanta da dutsen. Zaruruwan daga cikin jikinta suke fitowa, haɗe suke da namanta. In ta kama dole a matsar da ita, ko dai a ɗauke ta da dutsen gaba ɗaya, ko a karkata ta a hankali a sa reza a yanke zaren ta jikin dutse. Wanda ya fizge ta, cikinta ya yaga. Wannan bayanin na yi wa manaja shi ba sau ɗaya ba.

Sai aka kama falon don liyafar wani biki. Manaja ya ce shuɗiyar ta yi sama da yawa, ba ta fitowa a hoto, a sauko da ita gaban gilashi. Na ce, “Yallaɓai, dutsen da take kai shi ya tallafe murjanin da ke gefe, kuma ƙasa haske bai ishe ta ba. In dole ne, a ba ni lokaci in yanke ta yadda ya kamata, bayan biki in mayar.” Ya dube ni ya ce, “Malam, katantanwa ce fa, ba jariri ba.” Na ɗauka maganar ta mutu a nan.

Ranar Juma'a na tafi masallaci. Kafin in dawo ya sa yaron da ke goge tayil ya hau kujera, ya zura hannu har kafaɗa, hannun da bai daɗe da fitowa daga bokitin sabulu ba. Na tarar da ita a ƙasa gaban gilashi, ta ɗan karkace. Na leƙa saman dutsen, ga zaruruwan nan a manne inda ta bar su, da wani ɗan farin nama yana reto a ƙarshensu, ruwan famfo na kaɗa shi. A nan jikina ya yi sanyi, don na san an gama.

Muguntar abin ita ce ƙumba ba ta mutuwa nan take. Daren bikin ta ɗan buɗe, fitila ta haska shuɗin, amarya da ƙawayenta suka sha hoto. Manaja ya zo wucewa ya dafa kafaɗata ya ce, “Ina mutuwar? Ga ta nan garau.” Na samo ɗan faffaɗan dutse na ɗora ta, na mayar da ita sama, na canza wani kaso na ruwan saboda sabulu, na sa gawayin tacewa sabo. Bayan 'yan kwanaki naman ya daina fitowa bakin ɓawo, ya janye ciki. Kafar da take shaƙar ruwa ta wangame har ana hango abin da ke ciki. Lafiyayyar ƙumba in ka gitta hannu tsakaninta da fitila, inuwar kawai za ta sa ta zabura ta tsuke. Wannan na gitta hannu, na sake gittawa, ko gezau. Da na ga tsutsotsin dutse sun fara taruwa a ƙarƙashinta da rana tsaka, na cire ta, don in ta ruɓe a ciki ammoniya za ta bi sauran.

Kafin Alhaji ya dawo daga tafiya, kwanaki sun shiga tsakanin fizgar da mutuwar, kuma a wannan tazarar manaja ya ɓuya. Ya ce ai ranar biki lafiyarta lau, kowa ya gani, ga hotuna. Ruwa ne ya lalace, ruwa kuwa aikin wane ne? Na kawo littafina. Kowace safiya a rubuce take: gishiri 1.025, zafi 26, kalsiyam wajen 420, alkaliniti (awon abin da ke hana ruwa yin tsami) 8, magnesiyam 1300. Na ce ranka ya daɗe, in ruwa ne, me ya hana shi taɓa derasa biyun da murjanin da ke shan ruwa ɗaya da ita? Manaja ko buɗe littafin bai yi ba. Aka kira yaron, ya sunkuyar da kai ya ce shi bai san komai ba, kuma ban ga laifinsa ba, abincinsa yake karewa. Alhaji mutumin kirki ne amma ba ya son dogon zance, ya ce a yi haƙuri a daidaita. Daidaitawar ita ce aka rinƙa yankar albashina wata-wata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɓawon ma manaja ya sa an wanke masa, yana kan teburinsa yana zuba katin baƙi a ciki.

Don haka duk wanda za a ɗauka irin wannan aiki, ko a otal ko a gidan wani babba a Malali ko Unguwar Rimi, kafin ya tambayi albashi ya tambayi wa ke da ikon sa hannu a ruwan. A rubuta, mai gida ya sa hannu, a yi wa murfin kwaɗo, makulli ya zauna a aljihunka har masallaci. Littafin awo yana da amfani, amma sai ga wanda ya yarda ya karanta. Ka ɗauki hoton kowace ƙumba kullum ka tura wa mai gidan kai tsaye, ba ta hannun wanda ke tsakaninku ba. Mai kuɗin da ya sayi dabbar ba kasafai yake cutar da ita ba. Wanda ke son burge shi ne abin tsoro.

Sauran abin da na koya, yawancinsa Kaduna ce ta koya min. Ƙumba tana son zafin ruwa tsakanin digiri 25 da 27, mu kuwa a Maris da Afrilu kowa ya san yadda gari ke yi, fitilun kansu kuma suna ƙara zafi. Na'urar sanyaya ruwa dole ce, haka ma inbata ta musamman ga famfunan da ke juya ruwan, don in an ɗauke wuta aka kashe janareta tsakar dare saboda tsimin man dizal, ruwa ya tsaya, iskar da ke cikinsa ta fara ƙarewa tun kafin asuba. Wannan ma sai da muka yi ta fafatawa da manajan nan kafin a ja wa tankin layinsa. Da hunturu matsalar juyawa take: dare ya yi sanyi sai an kunna hita, busasshiyar iska kuma ta rinƙa shanye ruwan. Gishiri ba ya bin tururi, saboda haka abin da ya ragu da ruwa mara gishiri ake cike shi, wanda ya bi ta matatar RO mai cire ma'adinai da datti, ba na burtsatse kai tsaye ba. Wanda ya cike da ruwan gishiri, awonsa zai yi ta hawa bai sani ba.

Gishirin miya ba ya yi, sai na kiwon murjani, komai tsadar dala. Maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki guba ne gare ta, ko da mai shagon ya rantse. Da dare ka haska tocila ƙarƙashin ɓawo, akwai wasu fararen dodon koɗi kamar ƙwayar shinkafa da ke tsotsar ta, buroshin haƙori ke fitar da su da ƙwansu. Kifin da ake kira angel da butterfly suna da kyau, amma da yawansu suna tsattsagar namanta. Kada ka tace ruwa har naitiret, sinadarin da kashin kifi ke komawa, ya koma sifili, tana bukatar kaɗan. Kana saka kalsiyam tana shanyewa, kuma in ka ga sabon farin baki a gefen ɓawo, girma take yi. Derasa biyun da na bari, kowace da farin bakinta mai faɗi, wanda ya musa ya je ya duba.

Yaron da aka ɗauka a madadina yana kirana a ɓoye, ina kuma amsa masa, don dabbobin ba su yi min komai ba. Makon jiya sai ga kiran manaja da kansa, muryar nan a sanyaye, wai alkaliniti yana ta sauka, ko zan leƙo in duba. Na gaishe shi da girmamawa, na gaya masa kuɗin zuwa duba tanki, na ce kuma a fara maido da abin da aka yanka. Bai sake kira ba tukuna. Yaron dai na gaya masa yadda zai auna garin bakin soda ya rinƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan, kada ya ɗaga alkalinitin fiye da maki ɗaya a rana.