Na'urar sauraro huɗu na gwada kafin na gane matsalar a fayil take

A 2010 abin da na mallaka na sauraro bai wuce wata fulas mai 4GB ba, amma abin da ke cikinta ya fi mini komai, tafsirin azumi na shekara biyu da wani mai kafe ya kwafe mini daga CD, waƙoƙin gargajiya na kalangu da kuntigi da na samo wajen masu turi, sai wasu karatuttuka da ni da kaina na ɗauka da wayata Nokia a masallacin unguwa. A lokacin ni a ganina duk sauti sauti ne, in ya yi a kwamfuta to zai yi a ko'ina, ban taɓa kula da haruffa ukun nan da ke bayan sunan fayil, masu nuna fomat ɗinsa, ba sam.

Na farko da na fara saya irin ƴan Chanan nan ne marasa suna da ake ce musu MP4, mai ɗan gilashi kamar akwatin ashana, an rubuta 2GB a bayansa. Gaskiya ta fuskar sauƙi ba wanda ya kama ƙafarsa, ka jona a kwamfuta ya fito kamar fulas ka jefa komai ciki shi kenan, yana cin MP3 yana cin WMA, ga rediyon FM ga ɗaukar murya. Abin dariyar shi ne duk da sunansa MP4 baya kunna bidiyon MP4, sai ka juya shi zuwa wani fomat nasu da ake kira AMV da wata manhaja da ke zuwa a ƙaramin CD cikin kwalin. Ni bidiyon bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne na zuba tafsiri zama talatin, daga na ɗaya zuwa na takwas lafiya lau, daga na tara kuwa sai ya rubuta kuskure ya tsallake, na goge na sake zubawa har sau uku ina zagin mai kafe a raina, ashe memorin ce ta ƙarya, an yi mata dabara kwamfuta tana ganin 2GB alhali ainihin abin da take ɗauka ko rabin haka bai kai ba, duk abin da ya wuce nan sunansa kawai kake gani babu komai a ciki. Na koma shagon mutumin ya ce shi ma haka aka kawo masa. To ya zan yi.

Sai Yaya ya dawo daga tafiya ya miƙo mini iPod nano na hannu mai 4GB, ya ce "ungo, ka huta da wannan tarkacen naka." Wallahi ranar ban yi barci da wuri ba, abu siriri ga nauyi ɗan daidai a hannu, da'irar nan da ake murzawa da babban yatsa kuma har wani ɗan ƙas ƙas take yi. Na kai shi kafe da safe na jona, ya fito, na kwafe duk foldar na zuba, na cire na sa iyafis, babu ko waƙa ɗaya. Na sake jonawa ga fayilolin nan zaune a ciki. Nan na fara koyon cewa shi iPod ba a yi masa zubi irin na fulas, dole sai ta manhajar iTunes, ita ce take rubuta masa jerin abin da ke ciki, in ba ta nan ka bi ba to ajiya kawai ka ba shi. Sannan ko ta nan ɗin ka bi, MP3 yake ci da AAC wato masu ƙarewa da m4a, da WAV da wasu nasu na Apple, amma WMA na Microsoft ne, iPod bai taɓa kunna shi ba. Tafsirina kuwa gaba ɗaya WMA ne, saboda mai kafen da Windows Media Player ya kwafo daga CD, ita kuma a lokacin in ba ka canza mata saiti ba a WMA take ajiyewa.

iTunes ta Windows tana da kirki ta nan, in ka jefa mata WMA wanda ba a kulle ba sai ta tambaye ka ta juya maka. Na ce juya. Muka kwashe kusan wuni ana biyan kuɗin awa, NEPA ta ɗauke sau biyu a tsakani, ta mayar da su duka m4a. Da na ga sun yi a iPod sai na yi wautar da har yau nake jin haushinta, na goge WMA ɗin daga fulas wai don na samu fili. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sauti dai iPod ya yi daɗi, batir ma ba laifi, amma shi ba ya san folda. Da bayanan da ke manne cikin fayil yake jera abubuwa, sunan mai waƙa, sunan kundi, lamba. Kayanmu na nan kuwa wa ya tsaya rubuta wannan? Sai na tarar da fayil sittin duk sunansu ɗaya, Track 01, Track 02, an cakuɗa tafsirin bara da na bana da kiɗan kuntigi, kana cikin Suratul Baƙara ka danna gaba sai ka ji kalangu ya tashi. Sai da na zauna na rubuta wa kowanne suna ɗaya bayan ɗaya. Kuma akwai ranar da na jona shi a kwamfutar wani abokina don in ƙara waƙa biyu, saƙo ya fito da Turanci yana gargaɗin cewa za a share abin da ke ciki a daidaita shi da wannan kwamfutar, ni kuma ban karanta ba na danna, laifina ne ba na kowa ba, cikin minti ɗaya aikin sati biyu ya tafi. Daga baya na san akwai saitin da ke ba ka damar zubawa da hannu daga kwamfuta fiye da ɗaya. Wanda ke da kwamfutarsa a ɗaki iPod ba zai ba shi wahala ba, mu da muke yawon kafe ne abin bai dace da mu ba.

A tsakanin nan na ari Walkman na Sony wajen wani ɗan ajinmu, tsohon yayi, don in gwada ko shi zan nema. Shi kuma nasa salon daban, Sony suna da fomat nasu ATRAC tun zamanin MiniDisc, na'urorinsu na farko-farko ma MP3 ɗin ba sa kunnawa kai tsaye sai an juya, kuma komai sai ta manhajarsu SonicStage. Sauti kam in ka sa iyafis mai kyau sai ka rantse makaɗin yana gabanka, batir kuma kamar ba ya ƙarewa. Amma ɗan ajin namu ya ɓatar da CD ɗin manhajar, waƙoƙin da ke ciki tun na wanda ya sayar masa ne, shekara guda yana jin abu ɗaya. Su ma Sony ɗin a 2007 suka sauka daga wannan layin, sababbin da suka fito da lambar NWZ zubi ake musu kai tsaye, ƙananan masu kama da fulas suna cin MP3 da WMA. Da irin wannan na fara samu da ƙila labarin bai yi tsawo haka ba.

Wanda na tsaya a kansa shi ne Sansa Clip+ na SanDisk, ɗan mitsitsi mai maƙali a baya da kake maƙalawa a aljihun riga, gilashinsa ko hoto ba ya nunawa, in ka ajiye shi kusa da iPod sai ka ce na wasan yara ne. Amma yana da ramin memori irin ta waya, ke nan in je wajen mai turi ya cika mini kati in zura, ba kwamfuta ba manhaja. Yana buɗe folda yadda ka jera ta, yana da FM, yana cin MP3, WMA, Ogg har da FLAC, kuma in ka sa dogon karatu a foldar littattafan sauraro yana tuna inda ka tsaya, wanda ga mai jin tafsirin awa ɗaya da rabi a cikin motar Kano zuwa Kaduna wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na zuba tafsirina ina murna. Bai gansu ba. Clip+ ba ya cin m4a, sai wanda ya biyo bayansa Clip Zip ne ya zo da wannan. Wato na'urar da za ta kunna WMA ɗina yadda suke ta zo hannuna bayan na goge su da hannuna.

Haka na sake juya su daga m4a zuwa MP3 da manhajar Format Factory. Kowanne daga cikin fomat ukun nan yana rage girman fayil ne ta hanyar zubar da wani ɓangare na sautin, abin da aka zubar kuma ba ya dawowa, to ka yi lissafi, CD zuwa WMA zuwa m4a zuwa MP3, kamar kaset ɗin da aka kwafa daga kwafi daga kwafi. Muryar malam ta koma kamar yana magana ta cikin bututu, duk inda ya furta sin ko shin sai ka ji wani shuu kamar ruwa a kwano. Abin takaicin ma, tun farko a cikin saitin iTunes akwai inda za ka ce mata ta juya zuwa MP3 maimakon m4a, da na san haka da iPod da Sansa da ɗan Chana duk za su ci fayil ɗaya. Na koma wajen mai kafe ko CD ɗin na nan, ya ce ai mai su ya karɓe tuntuni.

Wani abu da na koya a wahalce shi ne lissafin fili. MP3 a 128kbps, wato ma'aunin ingancin sautinsa, yana cin kusan 1MB duk minti, awa ɗaya kusan 57MB ke nan, waƙa tana buƙatar haka ko fiye, amma magana zalla ba ta buƙata, in ka sauke ta zuwa 32kbps mai layi ɗaya awa ɗaya ba ta wuce 15MB ba kuma za ka ji kowace kalma in daga asali ka juyo. FLAC kuwa da Sansa ke taƙama da shi ba ya zubar da komai, amma waƙa ɗaya sai ta ci filin waƙa biyar, kuma da iyafis ɗin bakin titi da nake amfani da shi ni ban ji bambanci ba, ba zan yi ƙarya ba. Karatun da na ɗauka da Nokia su AMR ne, cikin huɗun nan ba wanda ya taɓa kunna su, sai da na juya, amma wannan karon na bar na asalin a wata folda daban na rubuta mata "kar a taɓa".

Waya ta zo ta cinye kasuwar duka, Apple ma sun daina yin iPod a 2022, na ɗauka wannan ilimin ya zama na banza. Sai azumin da ya wuce Baba ya kira ni, yana da ƴar rediyon nan mai cin memori da yake ajiyewa gefen tabarma, jikansa ya tura masa karatu daga WhatsApp amma ta ƙi yi. Na duba katin, yaron ya bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya ya goge opus ɗin da ke ƙarshen suna ya rubuta mp3, shi a ganinsa ya juya ke nan. Na ce masa canza wa buhu rubutu ba ya mayar da gero shinkafa, ya kawo wayar. Muka juya guda ɗaya da manhaja muka zura, muryar ta fito tar. Baba ya ƙara sauti ya ce "to saura ashirin da tara, ku gama kafin a sha ruwa."