Ranar da wuta ta ɗauke, manhajar shagon Kawu ta ɓatar da rumbunta

Kawuna yana da shagon sari a Aboabo nan Kumasi, shinkafa da sukari da man girki da tumatirin gwangwani, kuma rabin cinikinsa bashi ne, mata masu sayar da wakye da masu koko su ɗauki kaya da safe su biya da yamma ko ƙarshen sati, wasu da kuɗi a hannu wasu ta momo, wato tura kuɗi ta waya. Shekara da shekaru a littafi ake rubutawa. Ni na matsa masa nace Kawu bari in haɗa maka ƴar manhaja da za ta riƙe maka lissafin nan, yace toh ɗana in dai ba za ta cinye min sidi ko ɗaya ba bismillah.

Na samo tsohuwar laftof a Adum wadda batirinta ya mutu murus, sai an jona ta da wuta take tashi, na sa mata Ubuntu, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, na sa Docker, manhajar da ke tayar da kowace manhaja a cikin nata keɓaɓɓen akwati da ake kira kwantena. Kwantena biyu na tayar, ɗaya na sa mata suna `lissafi` ita ce manhajar da yaran shago suke buɗewa a waya, ɗayar kuma `rumbu` wato Postgres, manhajar ajiye bayanai, inda bayanan suke kwance. Duka biyun da `docker run` kawai na tayar da su ban ambaci wani netwok ba, wato hanyar da za su riƙa magana da juna, dan a lokacin ban ma san akwai abin ambata ba.

Matsalar farko tun a daren ta fito. Na rubuta wa manhajar cewa rumbu yana `localhost`, wato a kan wannan na'urar, ta ƙi haɗuwa, na yi ta juyawa har wajen ƙarfe ɗaya kafin na gane cewa a cikin kwantena localhost ita kanta kwantenar ce, ba laftof ɗin ba kuma ba maƙwabciyarta ba, kowace da ɗakinta. Sai na buga `docker inspect rumbu` na ga adireshinta 172.17.0.2, na kwafe shi na manna wa manhajar, nan take komai ya tashi. Wallahi daɗin da na ji a daren nan ba kaɗan ba ne. Kusan sati uku abu yana tafiya lafiya lau, Kawu har ya fara nuna wa abokansa ƴan kasuwa.

Ranar wata Litinin da safe dumsor ya yi halinsa, wuta ta ɗauke ta dawo, laftof ta mutu aka kunna ta. Na riga na sa `--restart unless-stopped` saboda haka kwantenonin sun tashi da kansu, amma manhajar sai kuskure take nunawa. Ina cikin trotro, motar haya, hanyar Kejetia Kawu ya kira ni, muryarsa ma kaɗai ta ishe ni, yace kai yaro ga mata nan a tsaye sun zo biyan kuɗi ban san nawa nake bin kowa ba, littafin ma na daina rubutawa saboda kai. Na sauka na juyo. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ba kuɗina ba ne, amanar mutane ce a cikin na'urar, mace ta tara sidi ɗari uku da guminta ta kawo a ce mata a dawo anjima.

Da na zauna na duba sai na ga abin da ya faru. Duk kwantenar da ba ka faɗa mata netwok ba Docker yana jefa ta a gadar da yake zuwa da ita, wadda in ka buga `docker network ls` za ka ganta da suna bridge tare da host da none. A wannan gadar adireshi ba na kowa ba ne, wanda ya riga tashi shi ke ɗaukar na farko. Wannan karon lissafi ce ta riga tashi ta ɗauke 172.17.0.2, rumbu ta samu 172.17.0.3, kenan manhajar tana ta ƙwanƙwasa ƙofar kanta tana neman Postgres. Bayanan duk suna nan ko ɗigo bai ɓata ba, hanyar zuwa gare su ce ta sauya.

Na so in canja lambar kawai zuwa 3 in huta, amma na san gobe in wuta ta sake ɗaukewa za mu koma gidan jiya. Na kira wani abokina da ya yi karatun kwamfuta a jami'ar KNUST, yace malam me ya kai ka kira da lamba, a zango ka taɓa jin an nemi gida da lamba? Gidan Alhaji wane ake cewa yaro ya kai ka har ƙofa. Yace ka ƙirƙiri netwok naka ka sa su ciki su riƙa kiran juna da suna.

Abin ashe layi uku ne. `docker network create shago`, sai `docker network connect shago rumbu`, sai `docker network connect shago lissafi`. Ba sai ka kashe kwantena ba, tana cikin aiki ake jona ta kaman ka ƙara mata wata igiyar. Bambancin shi ne a netwok ɗin da kai ka ƙirƙira Docker yana ajiye ɗan mai fassara suna zuwa adireshi, DNS kenan, yana zaune a 127.0.0.11, in kwantena ta tambayi ina rumbu sai ya bata adireshin da rumbu take da shi a wannan lokacin ko da ya canja sau goma. Gadar asali ba ta da wannan, shi ya sa kira da suna ba ya aiki a can. Na so in gwada da ping, umarnin duba ko na'ura tana amsawa, sai na tarar babu shi a cikin kwantenar, sai na yi `docker exec lissafi getent hosts rumbu` ya fito min da adireshi, a nan hankalina ya kwanta. Ita manhajar dole na goge ta na sake tayarwa da `--network shago` dan adireshin tsohon a cikin umarnin tayarwa na saka shi, na maye gurbinsa da kalmar rumbu kawai. Kafin azahar yaran shago sun ci gaba da karɓar kuɗi.

Da yamma da na natsu na buga `docker network inspect shago` ina kallon su biyun a jere, sai na lura rumbu har yanzu tana kan tsohuwar gadar ma, dan connect ƙari yake yi ba ya cire ka daga inda kake, sai ka ce `docker network disconnect bridge rumbu` da bakinka. Wannan bai dame ni sosai ba. Wanda ya tayar min da hankali shi ne `-p 5432:5432` da na sa wa rumbu tun ranar farko saboda na ga haka ake yi. Ma'anarsa duk wanda ke kan wayfay ɗin shagon zai iya isa ƙofar Postgres kai tsaye, kuma wayfay ɗin nan yaran maƙwabta ma suna da lambar sirrinsa. Ni ina ganin na kunna ufw, katangar tsaron Ubuntu, na toshe komai, ashe Docker yana rubuta nasa dokokin a iptables, inda ake ajiye dokokin shiga da fita na na'urar, ta yadda ƙofar da ka buɗe da -p ba ta bi ta hannun ufw. Na gwada daga wata kwamfutar na ga ƙofar a buɗe take, jikina ya yi sanyi, sunayen mutane da bashin da ake binsu ne fa a ciki.

Tunda manhajar da rumbu suna netwok ɗaya babu buƙatar buɗe wannan ƙofar ga waje kwata-kwata. Ita kuma ba a rufe ta a kwantena mai tafiya, sai an goge an sake. Kafin in taɓa komai na yi `pg_dump` na fitar da kwafin bayanan na kwafe a filash, na tabbatar bayanan suna cikin volume, ma'ajiyar da ba ta gogewa tare da kwantena, ba cikin jikin kwantenar ba, sannan na goge rumbu na sake tayar da ita ba -p. Manhajar ta sake faɗuwa! Minti biyar ina zufa kafin na tuna jonawar da na yi da connect ta tafi tare da tsohuwar kwantenar, kashewa da kunnawa ba ya cire ta amma gogewa yana cirewa. Na sake tayarwa da `--network shago` tun daga farko, shikenan.

Yanzu duk umarnin nan suna cikin fayil ɗaya a laftof ɗin da kwafi a wayata, kuma na roƙi Kawu ya ci gaba da rubuta manyan basussuka a littafi, ya ce dama ko ban faɗa ba ya riga ya sayo sabo. Daren Alhamis bayan an rufe shago na zare wayar wutar laftof ɗin da hannuna sau uku ina mayarwa, Kawu yana zaune kan buhun shinkafa yana kallona da carbi a hannu, sau ukun duka na buɗe manhajar a waya sunan mai wakye ta farko ya fito da bashinta daidai.