Godiya ga waɗanda suka fito aikin gayya a Teshi, unguwar bakin teku a gefen Akra

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi, aikin gayyar da muka yi ta kira a kai an yi shi lafiya, an tashi lafiya. Filin wasan yara na bayan makaranta ya fita daga bola, kwatar da ta ratsa zango ta soma gudu, bakin teku ma an ga yashinsa.

Godiyarmu ta farko ga Sarkin Zango da Malam Liman, da suka sa baki tun daga huɗubar Juma'a. Malam ya tuna mana daren 3 ga Yunin 2015, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a Sakul, cikin birnin Akra, aka rasa mutum wajen 150. Toshewar magudanan ruwa na cikin abin da ya jawo wannan musiba. Bayan huɗubar nan ba mu sha wahalar tara mutane ba.

Sai maƙwabtanmu masunta 'yan ƙabilar Ga. Wasu daga cikinmu sun yi ta ƙorafin me ya sa aka raba aikin gida biyu, aka kai na bakin teku ranar Talata, ranar da kowa ke wurin nema. To ai Talata ce ranar da masunta ba sa shiga teku bisa al'adarsu, kuma ba don su ba da mun yi ta shirme. Wani dattijo a cikinsu ya shimfiɗa komarsa a gabanmu, ya riƙa zaro ledar fiya wata ɗaya bayan ɗaya, da robar lemo, da silifas wari guda, kafin a kai ga 'yan kifayen da ba su cika kwano ba. Bai yi mana faɗa ba. Ya dai nuna bakin kwatar da ke zubowa daga unguwarmu. Wallahi kunya ta kama ni, don na san ledar gidana na ciki. Baba, mun gode, Allah ya ƙara girma.

Mai motar da muka yi ciniki da shi ya karɓi kafin alƙalami ya kashe waya, ba zan kama suna ba. Samarinmu masu aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, su ne suka fitar da mu kunya, suka yi ta jigilar shara har la'asar, kuɗin mai kaɗai suka karɓa. Allah ya yi muku albarka.

Iyayenmu mata kuwa sai addu'a. Hajiya mai koko ta kawo koko da ƙosai tun da asuba, ta ce ko sidi ɗaya ba za ta karɓa ba. Wanda gilashi ya yanka a ƙafa an ɗinke shi, yana gida yana samun sauƙi.

Saura dashen da muka yi a filin. Kwakwar ba ta tsoron iskar gishiri, amma darbejiyar tana son kulawa, ga awakin unguwa sun riga sun ci kan guda biyu. Muna neman tsofaffin tayoyi da ragar waya a kewaye su. Jerin masu ban ruwa yana manne a ƙofar masallaci, mai hali ya sa sunansa. Akwai kuma shebur biyu da manjagara ɗaya da ba a san masu su ba, suna wurin ladan.