Famfon man da ya fitar da mu daga kofi

Da aka hana acaɓa a Kano a 2013, gyaran babur na riga na iya, shi na taho da shi Ingila. Wani maƙwabcina a Manchester yana tseren babura da ake kira speedway, ya ga ina kwance kafireta a bayan gida, ya ce in zo in riƙa taimaka wa bakanikensa. Ranar farko na tsaya ina neman birki a jikin babur ɗin. Babu. Giya ɗaya ce tal, inji 500cc, kuma methanol yake sha, ba fetur ba. Mutum huɗu ne suke zagaya fili sau huɗu a kan jar ƙasa, cikin minti ɗaya an gama. Na ɗaya maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi a tutar babu.

A wasan lig in ka faɗi yau, mako mai zuwa ka gyara. Kofin sili ɗaya ƙwale ba haka yake ba. Gida da waje ake yi, tsere 15 kowane dare, a haɗa makin duka biyun, wanda ya gaza sai baɗi. A gida ƙungiyarmu ta ci da ratar maki 6, muka tafi waje muna ta fankama.

Filinsu ya fi namu gajarta, kwanarsa a matse, don haka muka canza haƙorin taya ta baya. Bayan an yi wa ƙasar ban ruwa kuma sai muka sake canzawa. Ina cikin ɗaure cen aka kunna agogon minti biyu, wanda in ya cika mahayi bai iso layi ba an cire shi. Na juya tayar, na goge wa mahayinmu gilashin hular kwano, na tura shi. Famfon mai ne ban buɗe ba.

Ɗan man da ke cikin kafireta ya kai shi layi, har ya riga kowa shiga kwanar farko. Yana fitowa injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Ina kallo ukun suka wuce shi. Da maki 2 aka fitar da mu.

Bai yi mini faɗa ba, wannan ya fi mini ciwo. Ya cire takalmin ƙarfen ƙafarsa ta hagu ya zauna a kan akwatin sifana.

Ni dai laifin da na gani, ba gaggawa ba ce kaɗai. Canjin haƙori na biyun ne bai kamata mu fara shi ba alhali saura tsere ɗaya a kira mu. Yanzu in lokaci ya ƙure, yadda babur yake haka zai fita. Kuma kafin in sake shi sai na dafa famfon da yatsa na ce “a buɗe” da Hausa. Turawan wurin har sun haddace, su ma suna faɗa.