Haruffa 19 da sabar ta ƙirga 23

Ƙorafin ya zo daga wata mata da ke son yin rajista a shafin da nake kula da shi. Ta ce fom ɗin yana ta gaya mata kalmar sirrinta ta wuce haruffa 20, alhali ta ƙirga har sau uku, ba ta kai ba. Da farko na ɗauka ita ce ta yi kuskure. Na gwada kalmomi iri-iri, gajeru da dogaye, komai lafiya lau. Har na fara rubuta mata cewa ta sake dubawa, sai Allah ya sa na tambaye ta ko akwai wani harafi na daban a ciki (kalmar kanta ban tambaya ba, kuma bai kamata kowa ya tambaya ba). Ta ce akwai ƙ da ɗ.

Nan na ƙirƙiri tawa, ƙwanƙwasaƙofarɗaki1, haruffa 19 cif. Burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) ta karɓa, sabar (kwamfutar da shafin yake zaune a kanta) ta watso min ita.

Dalilin kuwa shi ne ana auna tsawon a wuri biyu, kowane da ma'auninsa. A burauza, umarnin length na yaren JavaScript yana ƙirga gaɓoɓin UTF-16 (wani tsarin ajiye haruffa a kwamfuta), inda ƙ take gaɓa ɗaya. A sabar kuwa na yi amfani da umarnin strlen na yaren PHP, wanda ba haruffa yake ƙirgawa ba, bayit (ma'aunin girman bayanai a kwamfuta) yake ƙirgawa. A tsarin UTF-8 da sabar ke karɓar rubutu da shi, a da b da c bayit ɗaya-ɗaya ne, amma ƙ, ɗ, ɓ da ƴ kowanne biyu ne. Kalmata tana da masu lanƙwasa huɗu, sai 19 ta koma 23. Ni da nake rubuta waɗannan haruffa kullum, ban taɓa saka ko ɗaya a gwajina ba. Abin ya ba ni kunya ƙwarai. Na musanya strlen da mb_strlen, wanda haruffa yake ƙirgawa, na ce an gama.

Ashe da sauran rina a kaba. Ina cikin gwajin ƙarshe na kwafo wata kalma mai haruffa 24 na manna, rajista ta wuce sumul. Da na zo shiga, sai aka ce kalmar ba daidai ba ce. Akwatin rajista yana da maxlength na 20, wato iyakar haruffan da zai karɓa, burauzar kuwa ta datse huɗun ƙarshe ba ko sallama, kuma tun da ɗige-ɗige kawai ake gani, wa zai tsaya ƙirga su? Akwatin shiga shi ba shi da iyakar, yana aika 24 ɗin duka. Firefox ta daina wannan datsewar tun sigarta ta 77 a 2020, shi ya sa a can ban taɓa ganin matsalar ba. A Chrome ta fito.

Sai na tambayi kaina: me ya kawo 20 ɗin ma tun farko? Babu dalili, gado na yi daga tsohon fom. Rumbun bayanai ba kalmar yake ajiyewa ba, sakamakon bcrypt (hanyar rikiɗa kalmar sirri ta yadda ba a iya dawo da asalinta) yake ajiyewa, shi kuwa haruffa 60 ne ko kalmar gajeriya ce ko doguwa. Ƙa'idar hukumar NIST ta Amurka ta 2017 ta ce kada a gaza 8, a ba da dama har aƙalla 64, kuma kada a datse. Na cire maxlength, na ɗaga iyaka zuwa 64, na sa saƙo ƙarara idan an wuce. Sai dai bcrypt bayit 72 na farko kawai yake dubawa, don haka a nan strlen ya dawo da amfaninsa: duk abin da ya haura bayit 72, sabar ta ƙi shi, ta kuma faɗi dalili.

Abin da ban iya gyarawa ba shi ne asusun waɗanda aka riga aka datse wa kalma. Daga sakamakon bcrypt ba a gane tsawon asali, ban san su waye ba, ban san yawansu ba. Na dai matso da maɓallin sake kalmar sirri kusa da saƙon kuskure a shafin shiga, sannan na rubuta wa matar nan na ba ta haƙuri.